Bidiyon karatu zai iya tsaya maka a madadin lakca? Amsa ga wani ƙanina ɗan aji ɗaya

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya yi maka albarka. Saƙonka sau biyu na karanta shi, kuma wallahi na ji daɗi da ka fito fili ka faɗi damuwarka tun yanzu, don da yawa daga cikinku shiru suke yi sai sun kai aji uku kari-oba, wato kwasa-kwasan da suka faɗi za su maimaita, ta taru ta yi musu katutu sannan su fara neman mafita. Ka ce kana aji ɗaya ɓangaren injiniya a nan Bauchi, semestar farko lissafi ya kayar da kai, ajinku cike yake maƙil in ba ka yi sammako ba sai dai tsayuwa a bakin taga ba ka jin lakcara ba ka ganin allo, abokanka kuma sun ce ka daina wahalar da kanka ai komai yana YouTube. Kana son sanin ko gaskiya ne bidiyo zai tsaya maka a madadin lakca, wanne za ka kalla, ya za ka yi da tsadar data, sannan ƙanwarka da za ta zana JAMB a ɓangaren art ko ita ma akwai abin da zai amfane ta.

Ni fiziks da lissafi nake koyarwa, bana shekara 17 kenan, da safe a sakandare da yamma kuma lesin na masu shirin WAEC da JAMB, wasu 'yan jami'a da poli ma sukan dawo wurina in abu ya cakuɗe musu. Ni kaina ina kallon bidiyoyin nan, akwai abubuwan da na yi shekaru ina koyar da su amma ban gane cikinsu sosai ba sai da na ga yadda wani ya warware su a bidiyo, don haka ba zan taɓa ce maka ka guje su ba. Amma abokanka rabin gaskiya suka faɗa maka. Eh, kusan duk abin da za a koya maka a aji ɗaya da aji biyu yana can, kuma sau da yawa mai bayanin gwani ne na gaske. Abin da ba su faɗa maka ba shi ne kallo daban karatu daban, kuma yawancin yaran da na gani sun rungumi bidiyo sannan suka faɗi jarrabawa, ba rashin kyan bidiyon ne ya kayar da su ba, daɗin bayanin ne ya ruɗe su har suka ɗauka sun iya.

Bari in ba ka labarin wata yarinya da ta zo lesin wurina shekaru uku da suka wuce. Yarinya mai ƙoƙari ce sosai, yayanta ya ba ta tsohuwar wayarsa ya cika mata memori da bidiyon fiziks, ta ce min ta kalli na babin motsi gaba ɗaya wasu ma sau biyu. Na ce to madalla, ga tambaya ɗaya. Idan kika jefa dutse sama, daidai lokacin da ya kai ƙarshen tashinsa kafin ya fara dawowa gudunsa sifili ne, to akselareshan ɗinsa fa, wato yadda gudun nasa ke canzawa, nawa ne? Ko numfashi ba ta ja ba ta ce sifili ne Malam. Na ce to in gudunsa sifili ne kuma babu abin da ke canza gudun, me zai hana dutsen ya tsaya cak a sama kamar an rataye shi da igiya? Ta yi shiru tana kallon biron da ke hannunta, can ta dafe kai ta ce Malam wallahi a bidiyon an faɗa, na ji da kunnena an ce 9.8 ne kullum yana kallon ƙasa, kuma lokacin da nake kallo na gane. Ban ƙaryata ta ba don na san ta ji ɗin. Ƙasa tana jan dutsen tun daga barinsa hannu har ya dawo, ba ta hutawa don ya kai sama, wannan jimlar ta shiga kunnenta, amma tsohon tunaninta na cewa abin da ya tsaya babu komai a kansa yana nan daram babu wanda ya taɓa shi, don babu wanda ya tilasta ta fito da shi fili.

Wannan abin ba ita kaɗai ba ce, an yi bincike a kansa. Derek Muller, mai tashar Veritasium a YouTube, digirinsa na uku a jami'ar Sidni ta Ostareliya a kan haka ya yi shi. Ya nuna wa ɗalibai bidiyon fiziks mai bayani tsaf ba gargada, suka ce sun gane sun ji daɗi, da aka sake gwada su makinsu bai wani motsa ba sai dai ƙarfin gwiwarsu da ya ƙaru. Waɗanda aka nuna wa bidiyon da ke fara kawo kuskuren da mutane suka saba yi sannan a warware shi, su cewa suka yi abin ya rikita su, amma su ne makinsu ya tashi. A 2019 ma malaman fiziks na Harvard sun fitar da makamancin wannan, ɗaliban da aka sa su aiki da hannunsu a aji sun ji kamar ba su koyi abin kirki ba, waɗanda aka yi wa lakca mai daɗi sun ji sun ƙoshi, amma a gwaji na farkon ne suka fi. Ka riƙe wannan da kyau, jin cewa ka gane ba hujja ba ce, biro da farar takarda su ne shaida.

Kai ma ai ka san wannan tun kana yaro, ka dai manta ne. A makarantar allo malam zai biya maka sau biyu sau uku, kai kuma ka koma gefe ka yi ta maimaitawa da bakinka har ya zauna, washegari ka kawo, in ya yi a ce ka wanke a ƙara maka in bai yi ba ka koma, ga kuma tilawar baya da ba a yarda ka sake ta. Ka taɓa jin wanda ya sauke don kawai ya zauna yana sauraron malam yana biyawa? To bidiyo biyawa ce, kuma biyawa mai kyau, malamin da ba ya gajiya ba ya tsawa, ka mayar da shi baya sau goma ba zai ce ka cika tambaya ba. Amma maimaitawa da kawo hadda da tilawa duk suna wuyanka, kuma da yake babu wanda zai tsare ka da bulala, kai ne za ka tsare kanka.

Ga yadda nake sa yarana su yi, kuma a nan nake so ka fi tsayawa fiye da sunayen tashoshi.

Kar ka buɗe YouTube hannu rabbana kana neman abin kallo. Fara da takardar jerin darussan kos ɗin da lakcaranku ya bayar, in bai bayar ba ka nema wurin 'yan aji biyu, ka haɗa da tambayoyin jarrabawar shekarun baya na wannan kos ɗin, ana samunsu wurin masu fotokwafi na bakin makaranta. Ka ɗauki darasi ɗaya tak, misali limit ko difarensiyeshan, ka zaɓi tambaya biyu daga na baya ka gwada su kafin ka kalli komai. Za ka kasa, na sani, kuma kasawar nan ita ake so, don yanzu ka san inda ƙafarka ta maƙale, idan mai bidiyon ya iso wurin kunnenka zai tashi da kansa. Sannan ka kunna, littafi a buɗe biro a hannu, a zaune ba a kwance ba. Duk lokacin da ya rubuta misali a allo zai fara warwarewa, ka danna tsayawa, ka yi naka tukuna ko da layi biyu ne, sannan ka sake shi ka ga inda kuka rabu. Inda kuka rabun nan ka zagaye shi da jan biro don shi ne karatunka na ranar. Da bidiyon ya ƙare ka kifa wayar, ka rufe littafin, ka ɗauko farar takarda ka rubuto duk abin da ka tuna daga kanka, ƙa'idar da misalin da dalilin kowane mataki, za ka sha mamakin yawan abin da ka ɗauka yana kanka ashe babu. Bayan nan ka koma kan tambayoyin nan biyu da suka gagare ka, ka ƙara wasu biyar ko shida daga littafi. A lissafina bidiyon minti 15 yana cin awa ɗaya na aikin biro, in ka ga lokacin kallonka ya fi lokacin rubutunka yawa to ka sauka daga hanya. Washegari kafin ka shiga sabon darasi ka sake yin tambaya ɗaya daga na jiya ba tare da leƙe ba, bayan sati ka sake. Wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus tun 1885 ya nuna mantuwa ta fi gudu a farko-farkon koyon abu sannan ta lafa, shi ya sa waiwayen washegari ya fi na ana gobe jarrabawa amfani nesa ba kusa ba, malamanmu na allo kuwa da tilawa suka magance wannan tun kafin a rubuta shi.

Kuma kar ka zauna wa bidiyon lakca na minti 50 a zama ɗaya. An taɓa nazarin kallo kusan miliyan 7 a edX, wani dandalin kwasa-kwasai na intanet, aka fitar a 2014, aka ga hankalin mai kallo yakan fara zamewa bayan wajen minti 6. Ka yanka ta gida-gida, kowane yanki da aikinsa.

To yanzu wanne za ka kalla. Tunda lissafi ne ya kayar da kai, gaskiya zan faɗa maka ko da ba za ta yi daɗi ba, yawancin wanda kalkulas ya kayar a aji ɗaya ba kalkulas ɗin ne matsalarsa ba, aljebra da tirigonometiri na SS1 da SS2 ne suka yi rami a ƙasa. Yaro ya gane ƙa'idar difarensiyeshan sarai amma ya zo sauƙaƙa ɓangare mai sama da ƙasa ko indisis sai ya rikice. Don haka kar ka ji kunyar komawa baya, Khan Academy aka yi domin wannan. Salman Khan a 2004 ya fara ne da koya wa wata 'yar uwarsa lissafi daga nesa, a 2006 ya fara ɗora bidiyon a YouTube, a 2008 abin ya zama ƙungiya mai zaman kanta ba ta neman riba, har yau kyauta ne. Abin da ya sa na fi son sa ga irinka, a manhajarsu da shafinsu ba bidiyo kaɗai ba ne akwai atisaye, ka amsa a gaya maka ka ci ko ka faɗi nan take, ka ga ga mai karɓar haddar nan ka samu. Ka yi gwajin aljebra na can ka ga inda kake da gaske. Idan kana son misalai birjik ana warwarewa ɗaya bayan ɗaya irin na jarrabawa, The Organic Chemistry Tutor, kar sunan ya ruɗe ka yana yin lissafi da fiziks da kemistiri duka. Idan kuma cikakkiyar lakca kake so tun daga tushe a hankali kamar kana aji a kujerar gaba, Professor Leonard, nasa dogaye ne sosai sai ka yanka. Akwai 3Blue1Brown na Grant Sanderson, wannan da zane mai motsi yake nuna maka me ake nufi da abin tun asali, ni kaina shi ya sa na ga matiris da wani ido daban, amma ka sani ba zai koya maka cin jarrabawa ba, ka kalle shi bayan ka yi aikin biro kamar shan shayi bayan tuwo.

Jami'ar MIT ta Amurka a 2001 ta sanar za ta zuba kayan karatunta kyauta a intanet, ta fara a 2002, shi ne MIT OpenCourseWare. Yara da yawa bidiyon kawai suke kallo a YouTube ba su san cewa a shafin nasu akwai takardun aikin gida da tsofaffin jarrabawa har da amsoshi na kwasa-kwasai da yawa ba, alhali nan ne dukiyar take, kuma takardun nan ba sa cin data sosai. Kos ɗinsu na kalkulas lambarsa 18.01, na aljebrar matiris kuma 18.06 wanda Farfesa Gilbert Strang ya koyar, dattijon da ya yi ritaya a 2023 bayan sama da shekara 60 yana koyarwa a can. Sai dai ban ba ka shawarar ka fara da su yanzu ba, da sauri suke tafiya kuma sun ɗauka ginshiƙinka ya zauna, ka bari sai ka cike ramin. Da ka shiga aji biyu aji uku kuka fara darussan injiniya na gaske, irin su tamodainamiks da ƙarfin kayan gini da da'irar lantarki, ka nemi NPTEL na Indiya, manyan cibiyoyin fasaharsu na IIT da IISc ta Bangalore ne suka fara shi a 2003, kuma a gani na tsarin darussansu ya fi kusa da namu fiye da na Amurkawa. Turancinsu zai ɗan ba ka wahala kwana biyu uku daga nan kunne ya saba. In kana sha'awar koyon rubuta manhajar kwamfuta a gefe akwai CS50 na Harvard wanda David Malan ke koyarwa, kyauta ne, amma ka bar shi sai hutu. Abokanka na ɓangaren likitanci da nas su kuma Ninja Nerd da Osmosis da Dr. Najeeb suka fi yi musu, jikin ɗan Adam dai ɗaya ne ko a Yelwa ko a Landan.

Ka zaɓi malami ɗaya a kowane darasi ka bi shi. Masu tsalle daga wannan tasha zuwa waccan suna neman wanda ya fi iya bayani, sati zai ƙare suna kan babin farko.

Sannan ka kula da bambance-bambance ƙanana masu cin maki. Ba'amurke zai iya kawo maka lissafi da ƙafa da fam mu kuwa mita da kilogiram muke yi, zai sa 9.8 a inda takardar WAEC ta ce ka ɗauki 10, alamomin da yake amfani da su wani lokaci ba irin na lakcaranku ba ne. Wanda zai duba takardarka ba ya YouTube, yana nan cikin makarantarku, don haka ka fahimta a bidiyo amma ka rubuta da tsarin da aka koya muku a aji. Wannan ma kaɗai ya isa ya hana ka barin zuwa lakca. Ga makin CA, wato na gwaje-gwajen cikin semesta, da tes na ba-zata, ga ƙa'idar halarta da yawancin makarantu ke sawa kashi 75 cikin 100 kafin a bar ka ka shiga jarrabawa, ga kuma abin da ba ka samu a ko'ina, wato inda lakcara ya tsaya ya nanata ya ce ku lura da nan. Ko a bakin taga kake ka je, ka rubuta kanun abin da aka yi, da daddare bidiyo ya cike maka. Da za ka kalli darasin tun kafin ranar lakcar ma ya fi, don ko rabin maganarsa ka tsinta za ka san inda aka dosa. Haka aikin lab, babu bidiyon da zai koya wa yatsunka riƙe famfon biuret, bututun gilashin auna ruwan sinadari, har ka tsayar da shi a ɗigo ɗaya daidai lokacin da launi ya juya, ko karanta baniya kalifa mai auna kaurin abu. Akwai PhET na jami'ar Colorado da Carl Wieman mai kyautar Nobel ya kafa a 2002, kana haɗa batir da waya da kwan fitila a allon wayarka ka ga abin da zai faru, yana taimakawa ƙwarai kafin ka shiga lab, amma kafin ne, ba madadi ba.

Maganar data kuwa, na san ciwon. Abu na farko ka sauke ingancin hoton, ka shiga saitin bidiyon ka mayar da shi 360p, rubutun allo yana fitowa, in ya yi ƙanana ka ɗaga zuwa 480p, barin sa a 720p ko sama asarar kuɗi ce ninki-ninki a kan mutum yana rubutu da alli. Na biyu kar ka yi karatu kai tsaye a intanet, ka sayi datar dare mai araha ka sauke abin da za ka yi na sati, manhajar YouTube da ta Khan Academy duk suna ba da damar saukewa, da rana kuma ka kashe datar gaba ɗaya. Wannan ba don kuɗi kaɗai ba ne, wayar da kake karatu da ita ita ce mai WhatsApp da TikTok, saƙo ɗaya zai shigo ka ce bari in duba sai ka farga an kira la'asar. Kuma kar ka sauke bidiyo 100 ka ajiye, tara su yana sa mutum ya ji kamar ya yi wani abu, biyar ko shida na satin nan sun isa. In Turancin ya yi maka sauri ka rage gudun zuwa 0.75 ka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasa, ba abin kunya ba ne, bayan wata biyu za ka ga Turancinka ma ya ƙaru. Littafi kuma in kuɗinsa ya gagara, OpenStax na jami'ar Rice suna da na kalkulas da fiziks da kemistiri kyauta, sau ɗaya za ka sauke.

Abin da ya fi burge ni da na gani da idona, wasu tsofaffin ɗalibaina ne su huɗu da ke haya a Gwallameji. Na je duba ɗaya daga cikinsu da ba shi da lafiya bayan isha'i, babu wuta, na same su a tsakar gida kan tabarma, waya ɗaya sun jingina ta da buta an haɗa ta da fawa bank, sun samo guntun filawud sun shafa masa baƙin fenti sun jingina a bango, ɗaya na haska shi da tocila. Mai bidiyon yana rubuta tambaya sai su tsayar, wanda layi ya zo kansa ya tashi da alli ya yi, sauran na yi masa gyara har da musu, wani ya ce ka manta alamar ɗebewa wani ya ce a'a daidai ne, sai sun gaji da gardama sannan su saki bidiyon ya raba su. Datar karo-karo suke yi, mutum ɗaya ya sauke ya tura wa sauran ta Xender. Na fi minti 20 a tsaye ban ce komai ba don abin ya yi min daɗi, bidiyon minti 12 suka kwashe fiye da awa a kansa. Ka nemi mutum biyu ko uku masu irin damuwarka, ba lallai sai gwanaye ba, masu zuwa a kan lokaci dai, don ranar da ka tsaya gaban allo za ka yi wa wani bayani ranar za ka san ko ka iya.

Sai ƙanwarka. A nan sai an yi hattara, don ilimin kimiyya da lissafi ba su da gari amma gwamnati da tarihi da adabi suna da shi. Crash Course na John da Hank Green da suka fara a 2012 suna da bidiyo masu kyau a tarihin duniya da tattalin arziki da falsafa, amma darasinsu na gwamnati na Amurka ne, JAMB kuwa tsarin mulkin Clifford na 1922 za ta tambaye ta, da na Richards na 1946, da Macpherson 1951, da Lyttleton 1954, har zuwa na 1999. Babu Ba'amurken da zai zauna ya yi mata bayanin jihadin 1804 da yadda Malam Yakubu ya karɓo tuta wurin Shehu ya kafa garin nan na Bauchi ko Buba Yero a Gombe yadda jarrabawarmu ke so. Don haka ita silabus na JAMB za ta fara saukewa, kyauta ne a shafinsu, da littattafan da aka ware na shekararta a adabi da Hausa don ana canza su, ta tabbatar na bana ne ba na yayarta ba. Bidiyon malaman Najeriya za ta nema a waɗannan darussan, akwai masu yi da Turanci akwai masu yi da Hausa kuma suna ƙaruwa alhamdulillahi, wasu suna da ƙoƙari sosai wasu kuma karanto littafi kawai suke yi har da kuskure, ma'aunin shi ne duk shekara ko suna da ta ji ta duba a littafinta kafin ta haddace. A tattalin arziki ɓangaren buƙata da samarwa da zanen jadawalinsu Khan Academy zai yi mata, ɓangaren tattalin arzikin Najeriya da Afirka ta Yamma kuma littafi. Turanci shi ne mai tambaya 60 cikin 180, sauran darussa ukun 40 kowanne, duk a awa 2 kan kwamfuta, wannan kallo ba ya ba da shi, sai ta zauna da agogo tana amsa tambayoyin baya, kuma ta je cibiyar CBT ko sau biyu ne ta riƙe linzamin kwamfuta da hannunta kafin ranar, na ga yara masu ilimi da hannunsu ya yi ta rawa don ranar suka fara taɓawa. Kuma don Allah ka ja mata kunne kan masu tallan cewa a biya kuɗi a sa ta a guruf za a turo amsa ko a ƙara mata maki, ƙarya ce, ga asarar kuɗi ga haɗarin a soke sakamakonta.

Game da satifiket na dandalin kwasa-kwasai irin su Coursera da edX da za ka ji ana magana, dukansu a 2012 aka kafa su, akwai ilimi a ciki sosai amma takardar yawanci sai an biya, kuma ba ta goge kari-oba ba ta zama digiri. Bincike kan kwasa-kwasan MIT da Harvard a edX ya nuna masu kaiwa ƙarshe ba su kai kashi 10 cikin 100 na masu rajista ba, ka ga ko a can matsalar ba rashin malami ba ce. Ka ajiye wannan sai ka daidaita GP ɗinka, wato matsakaicin makinka na makaranta.

Yanzu abin da nake so ka yi a satin nan, ka samo jerin darussan kos ɗin da ya kayar da kai da tambayoyin shekara uku na baya, ka zauna awa ɗaya ba waya ba littafi ka gwada na shekara ɗaya, duk tambayar da ka tsaya ka rubuta a gefenta daidai layin da ka tsaya da abin da ya hana ka wucewa. Ka ɗauki hoton takardar yadda take da gogenta da komai ka turo min, kar ka gyara ta don ka burge ni, daga ita zan gaya maka ko daga aljebra za ka fara ko kai tsaye limit, da bidiyo biyar na farko da za ka sauke. Ka gaida ƙanwar taka, ka ce ita ma ta turo darussa huɗun da ta cike.